Ƙofar da Tadi Ya Bari

Tun da aka kai gawar Thaddeus garinsu, Nuraddeen bai fasa zuwa shago ba. Kullum da safe zai fito daga gida, ya bi ta bayan masallaci, ya tsallake ramin da ruwan sama ya haƙa a tsakiyar layi, ya buɗe shagon waldar da ke bakin titin Jikwoyi. Zai fito da benci, ya share gaban wurin, ya jera ƙarafa yadda suka saba. Daga nan sai ya zauna. Injin waldar na can lungu an lulluɓe shi da buhu, ko kallon wajen ba ya yi.

Ba kuka yake yi ba. Mutane ma sai yaba masa suke, wai yaron nan akwai tawakkali. Shi dai ya san ba haka ba ne. Abin kamar allurar nan ce da ake yi wa mutum kafin a cire masa haƙori, yana jin ana taɓa shi amma ba ya jin komai. In an kawo abinci ya ci. In an kira salla ya tashi. In wani ya zo da ƙarfe a hannu yana neman a liƙa masa, sai ya ce injin ne ba lafiya, ya nuna masa wani mai walda can gaba wajen gidan mai.

Shi da Thaddeus wurin oga ɗaya suka koyi aiki a Nyanya, tare aka sallame su, suka haɗa kai suka kama wannan shago. Thaddeus ya ɗan girme shi, mutumin kudancin Kaduna ne, dogo, bakinsa ba ya hutawa. Nura yana ce masa Tadi, shi kuma yana ce wa Nura Liman, don ko ana tsakiyar aiki aka kira salla sai ya ajiye ya tafi. Suna da wata ɗabi'a tsakaninsu. Duk wanda zai ɗora sandar walda a kan ƙarfe sai ya ce, "Ido," ɗayan ya kau da kai kafin hasken ya tashi. Tadi har a wajen cin abinci yakan ce "Ido," in Nura ya juya sai ya ɗauke masa nama.

Akwai kuma wani sabo da ba su kaɗai ke da shi ba, duk masu waldar layin haka suke. In an ɗauke wuta ba a kashe inji. A kunne ake barin sa, saboda da rana tsaka ba wanda zai lura da ƙwan fitila, amma da zarar an dawo da wuta injin zai ɗau ƙugi, kowa ya ji, a tashi a ci gaba kafin a sake ɗaukewa. Ita kuwa holda, wato abin da ake danƙe sandar walda da shi, in mutum yana sama babu inda zai ajiye ta, sai ya soke ta a hammata ya huta da hannunsa. Haka ogansu ke yi, haka suka buɗe ido suka gani.

Ranar da abin ya faru suna Kurudu ne, gidan wani ma'aikacin gwamnati, suna haɗa masa ƙafar tankin ruwa. An yi ruwa da safe ya tsagaita, ƙarafan duk a jiƙe. Tadi na can sama ya hau ƙarfe kamar mai hawan jaki, rigarsa sharkaf da gumi da yayyafi. Aka ɗauke wuta. Ya soke holda a hammata, ya leƙo ƙasa.

Ya ce, "Liman, ka roƙa mana a dawo da ita mana. Kai ne addu'arka ke ci."

Nura yana ƙasa yana yanka ƙarfe da zarto, bai ko ɗaga kai ba. Can sai ya ji injin ya ɗau ƙugi. Ya ce, "Yauwa." Ya ɗago don ya ce wa Tadi ga addu'a ta ci. Tadi ya sandare a kan ƙarfen, bakinsa a buɗe, ba sauti. Nura ya ruga ya fizge waya daga bango, wutar ta saki Tadi, ya faɗo. Da suka isa asibiti aka ce musu ai ya riga ya cika tun a hanya.

Abin da ya maƙale wa Nura ba faɗuwar ba ce, ba kuma asibitin ba. Wannan "Yauwa" ɗin ce. Takan dawo masa yana alwala, ko yana tauna abinci, ya saurare ta, ta wuce.

Zacharias mai facin taya, wanda rumfarsa ke manne da shagon, shi kaɗai ne bai daina tsokanarsa ba.

Yakan ce, "Liman, yau ma injin naka azumi yake? Wannan ai ya fi ka ibada."

Nura ya ce, "Yana hutawa ne, Baba Zaka."

"Hutawa. Ɓeraye sun kusa yi masa haihuwa a ciki. In sun yi suna ka gayyace ni."

Sai Nura ya yi ɗan murmushi don kada ya ba dattijon kunya.

Wata ranar Laraba da hantsi Christina ta zo, matar Tadi. Kunu take sayarwa a ƙofar wata makarantar firamare, ta biyo da bokitinta a ka, ta sauke a bakin shagon. Ta rame. Baƙar rigar da ke jikinta ta yi mata yawa. Nura ya tashi ya ba ta benci, shi ya tsuguna a gefe.

Ya ce, "Maman Marvel, ina kwana. Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya, Nura. Ya aiki?"

"Alhamdulillahi."

Ta dubi lungun da buhu yake, ta dubi hannayensa da suka yi fes ba ɗigon baƙi. Ya tambaye ta 'yarta Marvel, ta ce ta bar ta ƙauye wurin kakarta tukuna. Motocin Karshi suna ta wucewa suna watsa taɓo.

Can ta ce, "Ƙofan nan na zo maka."

Ya san wadda take nufi. Tana jingine a bangon baya, ƙura ta rufe ta. Tadi ne ya yanka ƙarfenta da hannunsa don ɗakin da ya gina musu a bayan gari, ya ɗiɗɗiga mata walda ta tsaya, ya ce in an samu sarari zai ƙarasa. Aikin mutane ya yi ta shigowa, sararin bai samu ba.

Ta ce, "Ka san katako ne a wurin. Kowa a layin ya san babu namiji a gidan yanzu. Shekaranjiya wani ya zo ya tura. Turmi na ke sawa a baya, shi ya hana." Ta gyara ɗankwalinta. "Mutanen gida suna ta kira, wai in tattara in dawo. Ni ban so in bar ɗakin da ya gina. Amma in ba ƙofa, ba zan iya ba. Zan tafi."

Nura ya ce, "Akwai wani yaro wajen gidan mai, hannunsa na da kyau. Sai in kai masa, in tsaya a kai har ya gama."

"A'a."

"Wallahi ya iya aiki."

"Ban ce bai iya ba. Baban Marvel ya fara, kai za ka gama. In ba za ka yi ba ka gaya mini, in san abin da na ke ciki."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Ta ɗebo kunu a kofi ta ajiye masa a kan benci, ta ɗora bokitinta, ya taya ta. Da ta juya sai ya ji bakinsa ya ce, "Asabar." Ta gyaɗa kai ba tare da ta waiwayo ba.

Ya yi shiri irin wanda bai taɓa yi wa wani aiki ba. Ya shiga kasuwar Nyanya ya sayo safar hannu ta fata, sabuwa, da garkuwar fuska mai baƙin gilashi, ya bar tabarau ɗin da suka saba fakewa da shi. Ya yaye buhun, ya jawo injin waje, ya bi wayoyinsa taki-taki da yatsa. Duk inda roba ta tsage jan ƙarfe ya leƙo, ya naɗe da tef har ya yi kauri. Ya nemo busasshen katako mai faɗi na tsayawa a kai. Ya ciro takalmin nan mai kaurin ƙasa da Tadi ke yi masa dariya a kai, ya goge. Ƙofar kuma ya wanke ta, ya kankare tsatsar, amma bai kunna injin ba. Ya ce a ransa a can zai yi komai gaba ɗaya.

Da Zacharias ya gan shi ranar Asabar cikin wannan shiga, sai ya ajiye tayar da ke hannunsa.

"Liman, duniyar wata za ka?"

"Bayan gari dai."

"To ka gaishe su." Ya taso ya kama masa injin suka ɗora a keke napep, suka ɗaure ƙofar a sama. Da mai keken zai ja, dattijon ya dafa kafaɗar Nura, ya koma kan tayarsa.

Gidan yana can inda layi ya ƙare, ɗaki da falo, bulo tsirara ba filasta. An yi ruwa da asuba, tsakar gidan duk laka. Ya ga ƙyauren katakon da ya kumbura ya baje, ya ga turmin a bayansa. A gefen ƙofar ga ƙarafan da Tadi ya bari sun leƙo daga bango, suna jiran firam ɗin sabuwar ƙofar. A bangon waje kuma ga wani babban makunni mai hannu da ya sa, don ya ce wata rana a gida zai riƙa yin ƙananan ayyuka.

Nura ya ɗora injin a kan bulo inda ruwa bai kai ba. Ya cire tsohon ƙyauren, ya tsayar da firam ɗin a wurin, ya shimfiɗa katakonsa. Ya maƙala ɗaya wayar a jikin firam, ya duba ta kama sosai. Ya sa safar hannu. Ya je ya ɗaga makunnin.

Injin ya ɗau ƙugi.

Ya tsaya yana jiran abin da zai same shi. Ya ɗauka hannunsa zai yi rawa, ko ƙirjinsa ya buga, ko ya ji amai. Babu ko ɗaya. Ƙugi ne kawai, irin na kullum. Ya danƙe sanda a holda, ya sauke garkuwa, ya ɗora. Bai ce "Ido" ba, don Christina na ciki tana dama kunu, babu wanda zai gaya wa.

Hannun ya tuna aikinsa. Ya kama firam da ƙarafan bango, ya bi inda Tadi ya ɗiɗɗiga ya cike. Ya gane ɗigon Tadi, manya-manya ne, na mai gaggawa. Yana bi ta kansu ɗaya bayan ɗaya suna ɓacewa a ƙarƙashin nasa, yana kallo ta cikin baƙin gilashi kamar aikin wani yake kallo. Rana ta fito bayan ruwan, irin mai zafin nan da ke tayar da tururi daga ƙasa. Kafin azahar rigarsa ta manne da bayansa, gumi na bin hannunsa yana shiga cikin safar.

Saura hinjin sama, inda ƙyauren ke ratayewa. Ya tayar da ƙyauren ya saita shi, ya tura masa guntun bulo a ƙasa, ya hau benci. Ƙyauren na da nauyi, sai da ya tokare shi da kafaɗa, damtsensa ya kwanta a jikin firam. Ya ɗiga sau ɗaya. Zai ɗiga na biyu hasken ya mutu, injin ya yi tsit.

An ɗauke.

Ya ture garkuwar sama, ya kama ƙyauren da hannu biyu don kada ya goce. Ya tsaya a haka yana kallon wani ƙadangare a kan katangar maƙwabta. Bai tuna komai ba. Unguwar ta yi shiru, sai wata mata can nesa tana kiran ɗanta.

Christina ta fito ta ƙofar baya da kofi a hannu, ta zagayo. Ta yi taku kaɗan ta tsaya.

"Nura."

"Na'am."

"Mene ne a hammatanka?"

Ya sunkuyar da kai. Holda ce. Tana soke a hammatarsa ta dama, bakinta na ƙarfe ya lafe a jikin jiƙaƙƙiyar rigar, guntun sanda ya leƙo ta baya. Bai san lokacin da ya sa ta ba. Ga safar hannu sabuwa, ga takalmi, ga tef a kan waya, ga katako can ƙasa. Ga kuma damtsensa kwance a kan firam, makunni a sama.

Abu ne mai sauƙi. Ya ɗaga hannu kawai ta faɗi ƙasa. Ya gaya wa hannun, hannun bai motsa ba. Sai ya samu kansa yana kasa kunne wajen injin, yana jira, kamar yadda ya saba jira duk tsawon shekarun nan. Ba tsoro yake ji ba. Jira kawai yake.

Christina ba ta yi ihu ba. Ta durƙusa ta ajiye kofin a kan bulo a hankali, ta taka cikin laka zuwa bango, ta kama hannun makunnin da hannu biyu ta ja shi ƙasa. Ya yi ƙara, ƙwas. Ta dawo, ta miƙa hannu ta zare holdar daga hammatarsa kamar mai zare wa yaro wuƙa, ta kwantar da ita a kan busasshen katakon.

Ta ce, "Sauko."

"Ƙyauren zai faɗi."

"Bari shi ya faɗi."

Bai faɗi ba, ɗigon nan ɗaya ya riƙe shi. Nura ya sauko ya zauna a bakin bencin. Ta miƙo masa kunun, ta jawo turmin ta kifa shi ta zauna a kai. Ya riƙe kofin bai sha ba.

Can ta ce, "Ni na sa masa kaya, kafin a rufe akwatin. Kowa yana ce mini lokaci ne, lokaci ne. Ba wanda ya gaya mini yadda ya faru. Da na ɗaga hannunsa zan sa riga, sai na gani a nan." Ta taɓa hammatarta. "Ƙarami ne. Baƙi, kamar kan yatsa. Na yi ta tunani, me zai kai wuta wannan wurin? Sai yau."

Nura ya dubi kunun. Ya ce, "Haka muke yi. Dukkanmu."

"Na gani."

"Ba a kashe injin. Shi ke gaya mana an kawo." Sai kuma ya ji tambayar ta fito da kanta, ta wauta, kamar ba shi ya yi ta ba. "Yanzu da kika kashe, ta yaya za mu sani?"

Ta dube shi har sai da ya sunkuyar da kai. Ta tashi ta shiga ɗaki. Ya ji tana jan wani abu, ta dawo da wata tsohuwar rediyo mai waya, wadda Tadi ke jin ƙwallo da ita ran Lahadi bayan coci. Ta ɗora ta a kan taga, ta zura wayar ciki ta soka a bango, ta murɗa ta har ƙarshe. Ta koma kan turminta.

Ta ce, "Sha kununka."

Ya kai kofin baki. Da ɗumi, ta sa citta da yawa. Ya kurɓa, ya sake kurɓa. Bai kai rabi ba rediyon ta fashe da magana, wani mutum yana ta bayani a kan farashin taki da ƙarfi kamar zai tsaga tagar. Yaran layin suka ɗau sowa. Nura ya juya ya dubi injin. Yana zaune a kan bulo, shiru. Holda na kwance a kan katako.

Ya dubi bencin da yake tsaye a kai ɗazu, ya dubi firam ɗin. Kofin ya karkace a hannunsa, kunun ya fara zuba a kan wandonsa. Ya ajiye kofin a ƙasa. Wani wuri a wuyan hannunsa ya ɗau zafi, ya janye bakin safar ya duba. Tartsatsi ne ya faɗa ciki ya ƙone shi, har ya tashi ya yi ruwa, ko yaushe ne oho. Yanzu ne yake jin sa. Zafi sosai. Ya riƙe wurin da ɗaya hannun, ya kifa kansa a kan gwiwa, kafaɗunsa suna motsi.

Christina ta rage muryar rediyon. Ba ta ce ya yi haƙuri ba. Ta zauna tana kallon ƙofarta.

Da ya ɗago, ta kawo masa ruwa a buta ya wanke fuska, ya zuba a kan ƙunar. Ta shiga ta fito da wata riga mai dogon hannu, busasshiya, ta Tadi. Ya karɓa ya zagaya bayan ɗaki ya canja. Hannun rigar ya yi masa tsawo, ya naɗe. Ya juya safar ya shanya ta a rana, ya je ya yi azahar a gefen katanga, ya dawo ya tarar ta sha iska. Ya samo sandar itace ya tokare ƙyauren da ita yadda ba sai ya sa kafaɗa ba. Ya buga ƙusa a jikin katakon taga, inda hannunsa zai kai daga kan benci, ya rataye holda a nan.

Sannan ya je bango da ƙafarsa, ya ɗaga makunnin. Injin ya ɗau ƙugi. Ya ji shi har cikin haƙoransa.

Ya ce, "Maman Marvel, in rediyon nan ta yi shiru, ko ina tsakiyar me, ki ja wannan ƙasa."

"Ko ba ka faɗa ba."

Ya hau benci, ya ciro holda daga ƙusa, ya saita sanda a bakin hinji. Tana tsaye a gefensa ta riƙe sandar tokaren. Ya kai hannu zai sauke garkuwa, sai ya tsaya. Muryarsa ta fito a dushe.

"Ido."

Ta kau da kai.

Kafin la'asar ya gama. Ya kankare bakin waldar, ya ɗiga mai a hinji, ya tura ƙyauren ya tafi sumul ya dawo. Ya ce ta shiga ta gwada. Ta shiga ta rufe, ya ji sakata ta shige, ta sama da ta ƙasa. Ya sa kafaɗa ya tura da iyakar ƙarfinsa, ko motsi. Ta daɗe a ciki ba ta buɗe ba, shi kuma bai ƙwanƙwasa ba, ya koma yana naɗe wayoyinsa.

Da ta buɗe, sai ta wuce shi ta kama turmin, ta kwantar da shi, ta gangara da shi bayan ɗaki wajen murhu. Ta dawo tana goge hannu a zani, ta zare wayar rediyon, ta naɗe ta a jikin rediyon, ta ɗora a kan injin.

Ta ce, "Ni ba na jin ƙwallo. Ran Litinin zan biyo da kunu, in ji ko tana magana."